Kawu Hamisu da Kaset ɗinsa a Bakin Iyakar Harami

Duk wanda ya taɓa shiga bas ɗin Kawu Hamisu daga unguwar Mansur ta Makka zuwa Jidda ya san abin da zan faɗa. Daga tasha shiru kake ji, sai tasbihi da tari. Amma da zarar ya hango alamar iyakar Harami, sai yatsansa ya fara rawa a bakin rediyo. Tayar baya na tsallakewa, ƙwas! Kaset ya shiga, wani mawaƙin baƙaƙen Amurka ya ɓarke da kuka, Kawu na gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Tun yana saurayi a Kano ya kamu da waƙoƙin nan da yake kira sol, kuma da akwatinsu ya zo aikin Hajji ya ƙi komawa. Dokarsa ɗaya ce: ba ya kunna kiɗa a cikin Makka. Burinsa ya mutu a garin nan a yi masa salla a Harami, babban tsoronsa kuwa kada ajali ya riske shi a wajen iyaka kaset na juyawa. Shi ya sa bai taɓa zama wuri ɗaya ba. In yana ciki kewar kaset ta dame shi, in yana waje fargaba ta hana shi sakat.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, karatun hadisi ya kawo ni, a gidansa na unguwar Nakkasa na sauka da zafin kaina. Ban yi wata ba na tare shi.

"Kawu, abin da bai halatta a Makka ba ai bai halatta a Jidda ba."

"Ustazu, yadda kake miƙe ƙafa cikin abokanka haka kake miƙewa a gaban ubanka?"

"A'a."

"To kunya nake ji, ba fatawa na zo nema ba. Miƙo min shayi."

Fita ba ta da matsala, dawowa ce bala'i! Kawu ba ya katse mawaƙi. Wai mutum na tsaka da faɗin damuwarsa ka toshe masa baki, rashin tarbiyya ne. Saboda haka in iyaka ta matso waƙa ba ta ƙare ba, sai ya ɗage ƙafa. Wata rana har tafiyar ƙasa ta fi mu sauri, motocin baya na ta zuba mana hon. Wata Hajiya daga kujerar baya ta ɗaga murya.

"Ya ammi direba, yalla, yi sauri mana! La'asar za ta wuce mu!"

"Daƙiƙa, Hajiya, ya kusa gama roƙonta."

"Roƙon wa?"

"Matarsa. Fushi ta yi ta tafi gidansu."

"Kai jama'a! To ta koma ɗakinta mana mu samu mu wuce!"

Abin haushin, Kawu ko gaisuwa bai iya da Turanci ba. Na tambaye shi yadda aka yi ya san matar ta tafi, ya dube ni kamar na zage shi. "Namiji mai gashi kamar kwando zai yi wannan ihun yana da tuwon dare?"

Akwai wata mawaƙiya da ya fi ƙauna, mai murya kamar za ta tsaga lasifika. Hotonta na jikin kaset kafaɗa a waje, sai ya sa baƙin alƙalami ya zana mata mayafi har ƙirji. Na ce masa wannan kuma fa? Ya ce, "Baƙuwa ce, a akwati take kwana cikin Makka. Ka taɓa ganin an shigo garin nan haka?"

Bayan an rushe layinmu na Nakkasa muka koma Mansur, ciwon zuciya ya kwantar da shi, likita ya hana shi tuƙi. Daga nan ya ƙi tsallake iyaka ko da taku ɗaya. Aka ce a kai shi asibiti a Jidda, ya ce sai dai Jiddan ta taso ta same shi. Amma ga akwatin kaset a ƙarƙashin gado, ya jawo, ya mayar, ya sake jawowa. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Wata safiya ya ce, "Ustazu, ɗauko makulli." Muka kama hanyar Arfa. Da muka iso alamar iyaka ya ce in juya bas in tafi da baya.

"Baya. Ƙara kaɗan. Halas, tsaya!"

Na leƙa, sai ga kujerarsa a cikin Harami, lasifikokin da ke bayan bas suna waje.

"Kawu, ai rediyon na ciki."

"Rediyo ke waƙa ko lasifika? Kunna, malamin banza."

Ni ɗin nan mai wa'azi, da hannuna na tura kaset ɗin. Mawaƙiyar nan ta fara, ya lumshe ido, hawaye na bin gemunsa. Can na ga kan ya daina gyaɗawa, hannu ya saki. Na yi wuf na leƙa taga in tabbatar kujerar tana ciki. Sai ya buɗe ido ɗaya.

"Ban tafi ba tukuna. Juya kaset ɗin ɗaya gefen."

Wannan ce fitarsa ta ƙarshe. Kafin azumin shekarar ya cika a kan gadonsa a Mansur, kalmar shahada a bakinsa, aka yi masa salla a Harami bayan azahar. Ina riƙe da makara ina dariya ina kuka, mutane na kallona, don ni kaɗai na san irin zullumin da ya sauke ranar.

Ya Allah, bawanka ne da ya ji kunyar ɗakinka iya saninsa. Ka yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ka ba shi natsuwar da bai samu ba a duniya. Amin.