Yadda Na Koya wa Kakata Rawa a Stains

Wata Laraba ce cikin watan Maris, shekarar da na cika goma, na dawo daga lakwal, wato makaranta, da rana tsaka na tarar da kakata, Hajiya Dije, tana faɗa da ƙarfen dogarawa da asibiti suka ba ta. Daga Damagaram ta zo aka yi mata aikin ƙugu, ta sauka gidanmu a hawa na shida na wani dogon bene a Stains, a ƙasar Faransa. Ta ce ita ba jaririya ba ce da za a koya mata tatata. Likita kuwa ya ce in ba ta taka ba, ta manta da zuwa birnin Lyon, inda Gwaggo Rabi ke jiran haihuwa.

A lokacin malamarmu tana koya mana rawar vals saboda bikin ƙarshen shekara. Kullum a ɗakin wasanni sai ta maimaita mana: tafin hannu a allon kafaɗa, gwiwar hannu sama, kada ka damƙe, kada ka ja. A ranar Larabar nan sai na ajiye jakata na roƙi Hajiya ta ba ni hannu mu taka. Da ma maigida take kirana, irin wasan kaka da jika. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Maigidan da ko cefane bai taɓa yi ba, ashe rawa ya iya."

Ranar farko tsoron kada ta faɗi ya sa na ƙanƙame ta, ta ce in sassauta, ita ba ragon layya ba ce. Da na saki yatsuna na tsai da hannuna, sai na ji nauyinta ya sauko a kaina a hankali, na kuma gane ƙafar da za ta ɗaga tun kafin ta ɗaga. Ni ina ja da baya ina ƙirga un, deux, trois, ita tana biyo ni tana tsiya. Muka fara daga gado zuwa kicin, mu kewaye buhun shinkafa da shanyar kaya, Mama na biye da mu da kujera. Mako biyu muka kai bakin asansar, na'urar hawa da sauka a bene, maƙwabciyarmu 'yar Mali ta leƙo tana tafi.

Da aka haihu, haka muka ratsa doguwar tashar jirgin ƙasa, ina tafiya da baya, Baba yana gaba yana ba mutane haƙuri. A Lyon ta shiga ɗakin suna da ƙafarta, aka ɗora mata jaririyar a cinya, aka ce sunanta Dije. Ta yi ta kuka tana dariya.

Yanzu 'ya'yana a waya suke koyon rawa, kowa shi kaɗai a gaban madubi. Hajiya ta daɗe da rasuwa a Damagaram. Har yau ban sake samun abokiyar rawa mai daɗin tsiya irinta ba.