Sirdin Baba Isuhu da Dokin Mutum Arba'in

Unguwar Malaz a Riyad, ƙarfe huɗu da rabi na asuba

Ranar Juma'a ce, ita kaɗai nake samun hutu, kafilina kuma, wato Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ara mini tsohuwar motarsa. Ina tsayawa a ƙofar ginin da Baba Isuhu yake gadi sai ga shi ya fito cikin farar babbar riga, da wani ƙaton buhu a kafaɗa. Baba Isuhu mutumin Tasawa ne, shekararsa goma sha tara a Riyad, kwana uku suka rage masa ya tafi gida gaba ɗaya, an riga an buga masa kuruj, bizar fita.

Na ce, "Baba, mene ne a buhun?"

Ya ce, "Sirdi ne, Sabi'u. Daga Damagaram na sa aka ɗinko, wani mai umara ya kawo mini. Har da likkafa."

Ni na jawo masa wannan tafiya. Wata takwas baya ɗan kafilina ya ba ni labarin wata ƙungiya da mutum arba'in suke haɗuwa su sayi dokin tsere guda. Na shiga, na kuma ja Baba, na ce masa kamar watandar saniya ce, sai dai ba a yankawa. Takardar da Larabci da Faransanci take, ba wanda ya tsaya karantawa, hoton kan dokin kawai muka gani. Tun daga ranar duk wanda ya bugo daga Tasawa sai Baba ya gaya masa yana da doki. An sayar da na mahaifinsa a shekarar fari yana yaro, gidansu bai sake ɗaure wani ba. Abin da yake so ɗaya ne: ya hau dokinsa, in ɗauke shi hoto, ya tafi da hoton gida.

Hanyar Kharj

Mun yi sallar asuba a wani gidan mai, muka karya da gurasar tamis da waken ful da shayi, riyal tara. Shida saura kwata muka tarar da taftish, shingen bincike. Ɗan sanda ya duba iƙamarmu, katin izinin zama, ya nuna buhun. Da ya ga sirdi sai ya tambayi ina dokin. Baba ya daki ƙirji ya ce da Larabcinsa na gadi, "Yana gaba, yana jirana." Mutumin ya yi murmushi ya ce yalla. Tsakanin Riyad da Kharj, garin da dokin yake, kimanin kilomita tamanin ne, kuma duk tsawon hanyar nan Baba koya mini yake yi yadda ake ɗaukar hoton mahayi, wai in durƙusa don doki ya fito da girma.

Gonar dawaki, bakwai da minti goma

Mun saki kwalta muka bi turɓaya cikin dabinai har wata gona mai katanga. Mai horar da dawakin, wani ɗan Aljeriya mai suna Abdulƙadir, ya duba takardunmu, ya ce mu tsaya a bakin fili, yanzu za a fito da namu.

Aka fito da shi. Baƙi ne wuluk, dogo, jikinsa na sheƙi. Amma ɗaure a jikinsa ga wasu sanduna biyu, a bayansa ga wani ɗan keke mai taya biyu, mutum na zaune a kai dab da wutsiya, ya baje ƙafafu. Na juya na dubi Baba, bakinsa a buɗe.

Ya ce a hankali, "Sabi'u, wancan mai jan amalanke fa?"

Na tambayi Abdulƙadir ko kuskure aka yi. Ya ce babu kuskure, irin tseren ke nan, a ƙasarsu ma ana yi. Ya ce tunda aka haifi dokin nan ba a taɓa ɗora masa sirdi ba, kuma mamnu'u ne, wato an hana, wani ya hau bayansa. Masu rabo suna iya shafa shi, su ba shi karas, su yi hoto a gefensa.

Na fassara wa Baba ina sunkuyar da kai. Ya ajiye buhun a ƙasa. Ya ce, "To tambaye shi, da amalanken yake sukuwa?"

Abdulƙadir ya girgiza kai da ƙarfi. Wai sassarfa kawai aka yarda ya yi, in ya ɓalle da sukuwa a tsere sai a kore shi. Wannan ta fi ta farko dukan Baba. Ya maimaita sau biyu, "Dokin da aka hana sukuwa," kamar wanda aka gaya wa rasuwa.

Kunya ta ishe ni. Na ja shi gefe na ce, "Baba, in sun kwance keken, sai ka riƙe linzami, in ɗora sirdin a kan katanga a bayanka, in ɗauke ka hoto kamar yanzu ka sauka. Ba wanda zai gane."

Ya dube ni tsaf. Ya ce, "Wata takwas ina gaya wa mutane abin da ban gani ba. Waccan ƙaryar ban sani ba na yi. Kana so yanzu in yi wadda na sani?"

Abdulƙadir da ya ga yanayinmu ya sa aka ɗaura wani keken mai zaman mutum biyu, ya ce ko Baba zai zagaya fili sau ɗaya. Na ɗauka zai ƙi. Sai ya naɗe babbar rigarsa ya hau, ya ce, "Ɗauka, Sabi'u. Da tayoyin da komai."

Na fara ɗaukar bidiyo da wayata. Ban taɓa ganin sassarfa irin wannan ba. Dokin ya miƙa ƙafafu, ƙasa na tashi, hular Baba ta yi sama tun a kwanar farko. Da suka dawo fuskarsa duk yashi, idonsa na ruwa. Ya sauka ya dafa wuyan dokin ya daɗe a haka.

Komawa

Goma da rabi muka kamo hanya, sirdin na bayan mota a cikin buhunsa. Mun yi Juma'a a wani masallaci a bakin hanya, muka ci kabsa faranti ɗaya, Baba bai ci rabin nasa ba. Na ce ya yafe mini, ni na cuce shi da maganar watanda. Ya ce, "Doki ne na ƙwarai. Namu ne kawai ba irin wanda na zata ba."

Biyu da kwata muka iso Malaz. Ya ɗauki buhunsa, ya ce sirdin zai bi shi Tasawa. Ya kai bakin ƙofa sai ya dawo ya leƙo ta tagar mota.

Ya ce, "Bidiyon nan, tura wa ɗana Sani yanzu. Ka ce ya nuna wa kowa."

Na ce, "Baba, za su yi maka dariya fa."

Ya ce, "Na sani. Gara su gama ta kafin in sauka."

Na tura. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa kafilina da motarsa. Ban kai ƙarshen layin ba wayata ta fara ƙara, saƙon murya daga Tasawa, har yau ban iya saurara ba.