Goran Baba da Ruwan Teku

Maƙwabcina a Nasarawa zai tafi kudancin Kamaru, garin nan na bakin teku da ƙanena yake da shago, sai ya shigo ya ce in ba shi shawara tunda na taɓa zuwa. Na gaya masa abin da ya sawwaƙa. Na ce ya ɗauki lema, don ruwan saman can ba ya sallama. Ya ɗauki rigar sanyi in zai hau dutsen da ke bayan garin, ƙasa gumi ne, sama kuwa haƙora suke haɗuwa. Ya tafi da yajinsa da garin kunu. Sannan na ce kada ya ajiye komai a kan yashin bakin teku ya juya baya. Ya yi dariya, ya ce ɓarayi ne? Na ce a'a.

Zuwana ɗaya ne, ni da Baba, lokacin da aka yi wa ƙanen nawa haihuwar fari. Baba masunci ne a Argungu, ubansa ma haka. Ni ne na fita zakka, na yi boko na zauna ofis a Birnin Kebbi, iyon kirki ma ban iya ba. Shi kuwa in ya dubi gulbi da safe zai gaya maka inda kifi ya kwana, mutane har daga Gulma suke zuwa tambayarsa ko ruwa zai ci shinkafarsu bana.

Yana da wani gora, ƙaton gaske, wanda masunci ke kifa ciki a kai ya yi iyo, yana jefa kifi ta bakinsa. Na ubansa ne. Ya yi baƙi don shan hannu, da ɗinki biyu a gefe. Ranar tafiya na same shi a tasha da jaka ɗaya da goran nan da homarsa, wato ragar kamun kifi.

Na ce, “Baba, suna za mu fa.”

Ya ce, “Na sani, Malam. In tai har bakin teku in dawo ban shiga ba? Mi za ni ce ma mutane?”

Malam yake ce mini in zai yi mini shaƙiyanci. Kwana uku muna hanya, goran yana bisa cinyarsa, duk shingen da muka tsaya sai an leƙa cikinsa.

Washegarin suna muka sauka bakin teku da hantsi. Yashin baƙi ne, dutsen yana tsaye bayanmu, gajimare ya rufe kansa. Ruwa yana can nesa, sai mun taka fili mai damshi kafin mu kai gare shi. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ɗebo da hannu ya ɗanɗana, ya tofar. Ya ce zai shiga bayan azahar in rana ta karya. Ya koma baya kamar taki arba'in, ya ajiye gora, ya ɗora homa a kai.

Wani masuncin garin yana gyaran raga kusa da mu. Ya yi magana da Turancinsu na kasuwa, yana nuna goran, yana nuna can sama wajen itatuwan kwakwa. Na gane yana cewa mu matsar da shi, ruwa zai zo. Na gaya wa Baba.

Baba ya dubi sama, babu hadari. Ya ce, “Ruwa ba ya tasowa hakanan. Ko gulbi ya cika, kwana shikai kahin shi ci taki guda. Ce mishi mun gode.”

Na ce masa mun gode. Ban taɓa musu da Baba a kan ruwa ba, ban kuma ga dalilin farawa a ƙasar mutane ba. Muka hau gari muka ci abinci, muka yi sallah, muka ɗan kishingiɗa a shagon ƙanena.

Da muka dawo babu filin. Ruwa ya zo har kusa da kwakwa, yana dukan yashi yana komawa. Masuncin ya tafi. Babu gora, babu homa.

Baba bai yi salati da ƙarfi ba, bai zagi kowa ba. Ya naɗe ƙafar wando, ya ce, “Tambayo min, ina na gangare?”

A gida abin da gulbi ya ɗauka ba ɓata ya yi ba. Gangare za ka bi, ka same shi a kwanar gulbi ta farko ko ta biyu, ya maƙale a ciyawa. Na tambayi wata mai gasa kifi ina ruwan nan yake gangarawa. Ta dube ni, ta miƙa hannu gaba, inda ruwa ya haɗu da sama. Na dawo na ce, “Baba, wai ba shi da gangare.”

Ya ce, “Babu ruwan da ba shi da gangare.”

Ya zaɓi hagu muka bi. Muka yi ta tafiya yana leƙa bayan kowane dutse, har la'asar ta yi sanyi. Muka juyo muka bi dama. Ina biye da shi riƙe da takalmansa. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin kaina, don da na ɗauki goran na kai gindin kwakwa, iyakarta ya yi mini faɗa.

Washegari ƙanena ya samo mota za a hau dutse, Baba ya ce mu je, shi ba za shi ba. Da muka sauko da yamma na same shi zaune a gindin kwakwa, ya kafa kara a yashi yana lura da yadda ruwa ke zuwa yana komawa. Tekun dai bai shiga ba.

A hanyar dawowa ya zauna da hannuwa bisa gwiwa, a buɗe, kamar da abu a tsakaninsu. Mun iso Argungu ana jira a ji labari. Wani abokinsa masunci ya ce, “To, yaya ruwan can?”

Baba ya ce, “Ban san shi ba.”

Shekaruna arba'in da wani abu a lokacin, ban taɓa jin ya faɗi haka a kan ruwa ba.