Gam ɗin da ya cinye min yatsa

Wata huɗu ba ku ji ɗuriyata ba. Na ga saƙonninku. Wasu sun ce na yi aure a ɓoye, wani ya ce an kama ni a garin Guider. Ko ɗaya babu. Ciwo na yi, kuma da babban yatsan hagu nake danna wannan rubutun, in kun ga kuskure ku yi haƙuri, ni dama allo kaɗai na yi.

Waɗanda suka san ni a kasuwar Garwa sun san aikina: ina farke tsofaffin batiran kwamfuta, in zaɓi ƙwayoyin da ke da sauran rai, in haɗa su su zama batir ɗaya na fitila ko fanka. Sun kuma san halina. Sufagulu, gam ɗin nan mai kamawa nan take, ba ya rabuwa da aljihuna. Da shi nake manne kwabon dala ashirin a ƙasa gaban rumfa, in zauna ina kallon manya suna sunkuyawa suna ƙwaƙula. Baffa Buba, maƙwabcina mai sayar da fetur a kwalba, sau uku yana faɗawa tarkon.

Ranar da abin ya faru, a tsakiyar zafin bazara, silikon, gam ɗin da na saba liƙe ƙwayoyi da shi, ya ƙare. Na ƙi tafiya saye, na ciro sufagulu na liƙe ƙwayoyi goma sha biyu. Sai na ga ɗaya ta juya baya. Na ɓamɓaro ta da ƙarfi, gam ya yage ledar jikinta, ƙarfe ya fito tsirara. Maimakon in sake mata leda, na ɗiga gam na kyandir, wanda ake narkarwa da zafi, a wurin, na ajiye batirin a kan teburin kwano, rana na dukansa.

Gam na kyandir ba ya jure ranar Garwa. Ya saki, ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Na ji huci kamar na maciji, sai hayaƙi. Kwalaben Baffa Buba ba su fi taku biyu ba. Ban yi tunani ba, na damƙe batirin da hannun dama na jefa kwata.

Ina birgima ina ihu, Baffa yana dariya. Ya ce, "Habu, yau kuma wace ce? Tashi ka ba mutane wuri." Sai da ƙauri ya kai hancinsa ya daina.

A gida Inna ta shafa min man goge baki da ɗanyen ƙwai, ta ɗaure da tsumma. Ni ma na ce ai ba komai. Kwana uku hannun yana kumbura, ya fara wari, zazzaɓi ya kayar da ni. Da aka kwance tsumman, yatsuna uku sun manne da juna.

Baffa ne ya ɗauke ni a babur zuwa asibiti.

Likita ya duba ya yi ta Faransanci, ban tsinci komai ba sai fuskarsa. Wata nas ce ta fassara min da Fulatanci haɗe da Hausa: ciwo ya shiga ciki, za a yi ƙoƙari, amma ba a yi alkawarin hannun ba.

Hannun dama. Da shi nake ci, da shi nake gaisawa, da shi nake riƙe waya ina liƙawa. Na juya fuska bango.

An ɗebi jini, an ɗau hoton ƙashi, an sa min ruwa. Kowace safiya ana wankin ciwo, ana raba yatsun ɗaya bayan ɗaya da bandeji. Ban san akwai zafi irin wannan a duniya ba. Nas ɗin tana cewa "munyal, munyal", wato haƙuri, ni kuwa ina cizon filo. Kowane wanki sai an sayo kayansa a kantin magani. Inna ta sayar da tumakinta biyu, ba ta gaya min ba, a bakin baƙi na ji.

Kwana na tara aka yanke ƙaramin yatsa. Inna ta ce, "Sun bar maka huɗu, ka gode wa Allah." Ta fita waje ta daɗe ba ta dawo ba.

Bayan sati biyar aka tura ni wurin mai motsa gaɓoɓi. Abu na farko da ya yi, ya ajiye kwabon dala ashirin a kan tebur ya ce in ɗauka. Na kai hannu, yatsun suka ƙi haɗuwa. Na ƙwaƙula, na tura, na ƙwaƙula. Babu gam a ƙarƙashinsa, amma ya ƙi tasowa. Baffa yana tsaye a bakin ƙofa. Na jira ya yi dariya, da ya yi ma da na ji sauƙi. Bai yi ba.

Yanzu ina gida. Yatsa uku suna lanƙwasuwa, ɗaya har yau kamar icce. Ban koma rumfa ba, ban san ko zan koma ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna, da nas ɗin da na zaga ba ta rama ba, da Baffa Buba.

'Yan uwana masu haɗa batir, kada sufagulu ya taɓa jikin ƙwaya. Kada ku dogara da gam na kyandir a ƙasar da rana ke narka takalmi. Ku nemi ramukan roba da ake jera ƙwayoyi a ciki, ku sa silikon marar warin tsami, ku jira ya bushe ko kwana zai yi. Ledar da ta yage a sake ta. In ya fara hayaƙi kada ku sa hannu, ku ture shi da sanda nesa da mutane. In kun ƙone, ruwan sanyi kawai, sai asibiti a ranar.

Jiya Baffa ya zo da kwabon nan na gaban rumfa, ya sa guduma ya ciro shi, har da ɓurɓushin siminti a bayansa. Ya ajiye a kan tabarma ya ce, "Ɗauki kayanka, ɗan banza."

Sai a karo na shida na ɗauka. Duk wannan yana zaune yana jira.