Kwallin Maryam

Har gobe ina jin zafin ranar da aka hana ni ganin Maryam. Ku sabbin ma'aikatan jinya, ku saurara.

A asibitinmu na garin Wheaton, a nan ƙasar Turawa, idan gwajin jinin mai ciki ya nuna gubar dalma, akwai takardar tambayoyi da ake cikewa: tsohon fenti, bututun ruwa, aikin miji. Dalma tana ratsawa ta mabiyiya ta kai ga ɗan da ke ciki, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, ta kuma iya jawo haihuwa kafin lokaci. Maryam 'yar Katsina ce, mai cikin fari, gwajinta kuma ya nuna dalma. Masu duba gidaje sun je gidanta sau biyu, ba su ga komai ba.

Na sami shugabar sashenmu na ce ta bar ni in zanta da ita da Hausa. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Wai Maryam tana jin Turanci, an cike takarda, kuma ba ni ke kula da ita ba. Haba! Takarda ce ke da cikin?

Sai da gwaji na biyu ya nuna dalmar ta ƙaru aka kira ni. Ina shiga na ga idanunta raɗau da kwalli.

"Ƙanwata, kwallin nan daga ina?"

"Inna ce ta aiko min daga gida, Anti. Na dutse ne, mai kyau."

Kullum take sawa, har takan lashi tsinken kafin ta shafa. A jakarta kuma akwai wani tandun kwalli sabo, na jaririn, za a sa masa ranar suna. Aka kai duka biyun gwaji. Dalma ce zalla.

Wallahi ranar na yi faɗa har muryata ta dushe. Na kuma ji haushin kaina, don ni ma akwai irin tandun a gaban madubina.

Yaron ya zo kafin lokacinsa, ɗan mitsitsi. Yanzu yana gudu, amma magana ta yi masa nauyi. Babu likitan da zai rantse cewa dalmar ce, babu kuma wanda zai rantse ba ita ba ce.

An ƙara kwalli a takardar yanzu. Amma ku dubi fuskar mutum kafin ku dubi takarda. Duk zuwan da Maryam ta yi, amsar tana idonta, ba wanda ya kalla.