Baffa Ba Ya Shiga Daji da Takalmi

Tun da ruwa ya ɗauke yau da safe na kasa zama. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta taga, ni kuma ina ta kai-kawo tsakanin kicin da ƙofa. Baffa ne ya faɗo mini a rai.

Maƙwabcinmu ne a nan Greenbelt ta Amurka, dattijo mutumin Maraɗi. Duk Asabar sai ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce, "Ku fito, bango ya gaji da ganinku." Mu bi shi dajin bayan unguwa. Da mun isa bakin itatuwa sai ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu.

Wata rana 'yata Hafsa ta turje. Ta ce masa da Turanci yawon daji na Turawa ne, baƙar fata ba sa yi. Na buɗe baki zan yi faɗa, Baffa ya hana ni. Ya tsuguna, ya damƙo ƙasa mai danshi da ruɓaɓɓen ganye, ya zuba mata a tafin hannu.

"Sunsuna, jikata. Kakanninki a daji suka yi kiwo, a can suka yi salla. Wa ya ce miki aro muka zo yi?"

Ta yamutsa fuska, amma ba ta zubar ba.

Tun da ya rasu ba wanda ya sake ƙwanƙwasa ƙofar nan ranar Asabar, mu ma ba mu koma ba. Ɗazu na kasa daurewa na buga wa Hafsa waya. Ta ce, "Mama, ki jira ni a bakin dajin."

Allah ya jiƙan Baffa, ya sa ƙasar da ya taka da ladabi ta zame masa shimfiɗa mai taushi.