Allon Malam Aisami

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, tara ga Rajab 1353, Allah Ya karɓi ran Malam Aisami na Gure. Labari ya iske ni a Gidigir ina ɗaurin damin gero.

Malam, shekara goma sha tara muna bin mas'ala ɗaya, ni da kai. Littafin Allah ya ce cikin kwana shida aka halicci sammai da ƙasa. Ka tambaye ni, da me aka ƙidaya kwanakin nan tun babu rana, sama tana hayaƙi? Mutanen Gure suka ce karatu ya taɓa ka. Ba ka taɓa riƙe su a zuciya ba, kai ne ma mai duba musu lokacin shuka, ko zangarniya ba ka karɓa. In na zo, sai ka baro lambunka na kwari, ka baje rairayi da tafin hannu, mu yi ta lissafi har inna Yakura, uwargidanka, ta gaji da ɗumama tuwo. Takarda ta fi ƙarfinmu, a allo kake ajiye abin da ka gano.

Farkon watan nan ka aiko Ɗan Kasuwa mai fataucin kanwa ya gaya mini in zo, ka kama bakin zaren. Na ce sai na gama girbi. Gero na fifita, Malam, kuma kunya ta ishe ni.

Na iso ranar sadakar uku. Ina gama gaisuwa na tambayi allon. Inna Yakura ta ce kwana bakwai kana rubutu a kansa, ciki da baya, ga zazzaɓi. Da ka cika, maƙwabta suka roƙi albarkar rubutunka na ƙarshe, aka wanke aka raba. Har masu yi maka dariya sun sha.

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙoƙo a rufe da faifai.

"Malam Hamidu, ga rabonka. Sunanka ya yi ta kira."

Na daɗe ina kallon baƙin ruwan nan, ko harafi ɗaya babu. Na yi bisimilla na shanye. Yau duk ƙasar nan ba ni da wanda zan yi wa tambayar bai yi mini kallon mahaukaci ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya nuna maka a fili abin da ka nema a allo. Allah Ya ba inna Yakura da 'ya'yanka haƙurin rashinka, ni ma Ya ba ni. Amin.